Tsanin da Bai Kai Soro Ba: Tarihin Diflomar Kwamfuta daga Yaba zuwa Talata Mafara

A shekarar 1992 aka yi dokoki biyu a kan makaranta iri ɗaya, ɗaya a Landan, ɗaya a Sakkwato, kowace kuma ta fuskanci tata alƙiblar. A Landan, majalisar dokokin Birtaniya ta bai wa kwalejojin fasaha, waɗanda ake kira foliteknik, damar zama jami'o'i. Kafin a je ko'ina fiye da 30 daga cikinsu sun sauya suna, sun fara ba da digiri da hatimin kansu. A Sakkwato kuwa, Gwamna Yahaya Abdulkarim ya sa hannu a dokar kafa sabuwar foliteknik a Talata Mafara. A shekarar da mai riga ya tuɓe tasa, a shekarar ne aka ɗinka wa Mafara irinta.

Wannan makaranta ita ce ake kira Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a yau. Ga ɗan manomin da ya gama sakandare a Dakko ta ƙasar Bakura, ko a wani ƙauye na Maradun, tana cikin ƙofofin ilimi mai zurfi mafi kusa da gida, kuma ilimin kwamfuta na cikin fannonin da ake koyarwa a cikinta. Shekara biyu yake yi ya fito da takardar da ake kira difloma ta ƙasa, wato ND. Tambayar da iyaye ke yi kafin su sayar da buhun shinkafa su biya kuɗin rajista ita ce: ina wannan takarda ke kai mai ita? Amsar ba a cikin aji kaɗai take ba. Tana cikin wani tarihi mai kusan shekara 90, tarihin tsanin da aka kafa da kyakkyawar niyya, aka kuma bar shi bai kai soro ba.

Inda karatun shekara biyu ya samo asali

Tunanin a raba karatun gaba da sakandare gida biyu, a ba da shaida bayan shekara biyun farko, ya yi ƙarfi ne a Amurka. William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago na farko, yana ganin darussan shekara biyun farko na jami'a sun fi kama da ci gaban sakandare, don haka ana iya koyar da su a garin da ɗalibi yake, ba sai ya bar gida ba. A 1901, da haɗin gwiwar shugaban wata sakandare mai suna J. Stanley Brown, aka buɗe irin wannan kwaleji a garin Joliet na jihar Ilinoyi da ɗalibai shida kacal. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a baza su a ko'ina, a sauƙaƙa kuɗinsu, kuma rahotonsa ne ya yayata sunan da aka san su da shi har yau: kwalejojin al'umma. Takardar da suke bayarwa ƙaramin digiri ce ta shekara biyu.

Abin da ya kamata a riƙe game da wannan tsari shi ne ƙofofinsa biyu. Wanda ya gama ƙaramin digiri a fannin kwamfuta da sarrafa bayanai yana iya kama aiki kai tsaye, yana kula da na'urorin asibiti, banki ko makaranta. In kuma ya so, yana iya ɗaukar darussan da ya ci ya kai su jami'a, a lissafa masa su, ya ƙara shekara biyu ya karɓi cikakken digiri. Jihar Kalifoniya ta rubuta wannan hanya a cikin babban tsarinta na ilimi na 1960. Ko a can ba kowa ke hayewa ba, da yawa suna tsayawa a hanya saboda kuɗi ko aiki ko iyali. Amma bisa ƙa'ida, wanda ya hau matakin farko an yarda yana kan tsani ɗaya da ɗan jami'a.

Nijeriya ba wannan hanya ta gada ba. Ta Ingila ta gada, inda aka gina hanyoyi biyu a jere: ta jami'a ga masu nazari, ta kwalejin fasaha ga masu aiki da hannu. A 1965 ministan ilimin Birtaniya, Anthony Crosland, ya tabbatar da wannan rabo a matsayin manufar gwamnati. Shi ne rabon da suka rushe a 1992.

Ƙorafin Yaba

Tun kafin Crosland, 'yan mulkin mallaka sun riga sun dasa irin wannan rabo a Nijeriya. A 1934 aka yi bikin buɗe Babbar Kwalejin Yaba a Legas, domin horar da 'yan ƙasa a fannin likitanci, injiniyanci, aikin gona da koyarwa. Karatun yana da tsawo da wuya, amma takardar da ake bayarwa difloma ce wadda ba ta da daraja a wajen Nijeriya, kuma mai ita yana kama aiki ne da sunan mataimaki: mataimakin likita, mataimakin injiniya, a ƙarƙashin Bature. 'Yan bokon Legas sun fahimci abin da ake nufi. Adawa da wannan tsari tana cikin dalilan da suka sa Ernest Ikoli da H. O. Davies da J. C. Vaughan da Samuel Akinsanya suka kafa ƙungiyar matasan Legas a wannan shekarar, ƙungiyar da ta zama ɗaya daga cikin tushen gwagwarmayar neman 'yancin kai. Ke nan, ƙorafin mai difloma ya girmi Nijeriya mai 'yanci da shekara 26.

A Arewa, cibiyar koyon fasaha ta Kaduna ta buɗe a 1956, ta kuma zama Kwalejin Fasaha ta Kaduna a 1968. A tsakanin waɗannan shekaru ne kwamitin Eric Ashby ya miƙa rahotonsa na 1960, inda ya yi gargaɗi cewa sabuwar ƙasa ba za ta tsaya da manyan masana kaɗai ba. Injiniya ɗaya yana bukatar masu fasaha da dama a ƙarƙashinsa, waɗanda za su karanta zane, su haɗa inji, su gano inda ya lalace. Shugabanni sun ji wannan magana, amma zuciyarsu tana ga jami'a. Nsuka ta buɗe a 1960, Zariya da Ife da Legas suka biyo a 1962. Jami'a ita ce tutar kowace jiha, kwalejin fasaha kuwa ta zama ƙanwa.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya tona asirin wannan zaɓi. Kwangiloli sun yi yawa, masu iya aikin sun yi kaɗan, har sai an ɗauko su daga waje. Daga nan gwamnati ta farga. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda ya fito da shirin tura ɗalibai masana'antu domin sanin makamar aiki. A 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, aka ɗora mata tsara manhajar karatu da tantance kwasa-kwasai. A ƙarƙashinta ne tsarin da aka sani yau ya zauna: shekara biyu ta ND, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan shekara biyu ta babbar difloma, wato HND.

Darasin Bakolori

Babu inda gargaɗin Ashby ya fito fili kamar ƙasar Mafara da Bakura da Maradun. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato, aikin kamfanin Impresit na Italiya. An tsara ta ne domin ta shayar da gonaki kimanin hekta 23,000, mafi yawansu ta hanyar feshin ruwa da famfuna masu amfani da lantarki. Abin da aka fi tunawa da Bakolori shi ne rikicin diyyar filaye, wanda ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilun 1980, aka rasa rayuka masu yawa. Wannan tabo ne da bai goge ba.

Akwai kuma wani darasi da ya zo a hankali, ba da ƙarar bindiga ba. Bayan 'yan kwangila sun tattara sun tafi, famfuna suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Lantarki ya yi ƙaranci, kayan gyara sai daga ƙetare, kasafin kula da injuna kuma bai kai ko kusa da na gina su ba. Zuwa farkon shekarun 2000 tsarin feshin ya daina aiki, noman rani ya koma kan ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai. Sai da aka shigo da wani shiri mai tallafin Bankin Duniya kafin a koma gyara.

Bakolori ta nuna cewa sayen inji abu ne mai sauƙi ga gwamnatin da ke da kuɗi. Rayar da shi ne ke bukatar mutum, kuma mutumin da zai zauna kusa da shi shekara da shekaru. Injiniyan da ya zana madatsa yana Legas ko Milan. Wanda zai ji ƙarar famfo ta sauya ya san abin da ke faruwa, shi ne ake samarwa a kwalejin fasaha. Wannan gaskiya ba ta sauya ba da aka koma daga famfo zuwa kwamfuta.

Kwaleji a Mafara, jiha a Gusau

Kwalejin da aka kafa a 1992 ta samu sunanta na yanzu a 1995, domin tunawa da Injiniya Abdu Gusau, Garkuwan Sakkwato, wanda ya rasu a 1994. Shekara ɗaya bayan sauya sunan, a ranar 1 ga Oktoban 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato, kwalejin ta faɗo a cikin sabuwar jiha.

Sabuwar jiha tana bukatar komai daga farko: ma'aikatu, akantoci, masu buga takardu, masu tsara albashi. Ba ta da jami'a ko ɗaya da ke zaune a cikinta. Jami'ar Tarayya ta Gusau sai a 2013 ta zo, ta jiha kuma, wadda aka ajiye a Talata Mafara, sai a 2018. Shekara 17 ke nan ɗan Zamfara da ke son digiri sai ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kano. Wanda ba shi da halin wannan tafiya, abin da ke gabansa shi ne kwalejin ilimi, ko kwalejin aikin gona ta Bakura, ko foliteknik ta tarayya da ke Ƙauran Namoda tun 1983, ko ta Mafara. A waɗannan shekaru difloma ce ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, ta cike ofisoshin jiha da na ƙananan hukumomi.

A daidai wannan lokacin ne kwamfuta ke fita daga ɗaki mai sanyi tana shiga kasuwa. Tun 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Ibadan, amma shekaru da yawa na'urar ta kasance ta manyan bankuna da jami'o'i da kamfanonin mai. A 1988 gwamnatin tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a makarantu. A 1993 aka kafa majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta. Shekarar 2001 ce ta sauya komai: aka kafa hukumar NITDA, wayar salula kuma ta shigo. Jigawa ta yi saurin gane inda iska ta dosa, ta kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure a farkon shekarun 2000.

Daga nan gwamnati da kanta ta riƙa ƙirƙiro wa mai diflomar kwamfuta aiki, ko da ba da gangan ba. A 2014 aka fito da lambar BVN ta bankuna. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, hukumar zaɓe kuma ta shigo da na'urar tantance katin zaɓe. Lambar shaidar ɗan ƙasa, rajistar jarrabawar WAEC da NECO, neman aikin soja ko ɗan sanda, duk suka koma intanet. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar wani ya zauna a shago a bakin kasuwar Talata, ko a cibiyar jarrabawa, ya san yadda ake haɗa na'urori 100 su yi magana da juna, ya kuma san abin yi idan suka ƙi. Manomin Dakko da ba ya karanta Turanci yana isa ga gwamnatinsa ne ta hannun irin wannan matashi.

Abin da ke cikin shekara biyun

Ana shiga ND ne da kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi, da kuma jarrabawar JAMB. Tun daga wannan ƙofa ake fara nuna wa ɗalibi matsayinsa. A 2023 da 2024, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi a taron ƙasa shi ne 140 cikin 400 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha. Saƙon da iyaye ke karantawa a cikin waɗannan lambobi a bayyane yake: foliteknik wurin wanda jami'a ta ƙi ne.

Manhajar kanta ba ta wasa ba ce. A zango huɗu ɗalibi yana bi ta kan lissafi da ƙididdiga, da yadda lantarki ke zama lissafi a cikin na'ura, da rubuta manhajar kwamfuta, da tsara rumbun bayanai, da nazarin yadda aiki ke gudana a ofis domin mayar da shi kan na'ura, da gina shafin intanet, da kwance kwamfuta a gyara ta. A tsakiya akwai 'yan watanni na sanin makamar aiki, a ƙarshe kuma aikin kammalawa. Idan aka ajiye wannan jeri kusa da na kwalejin al'umma ta Amurka, kamar ta fi bambancin yawa.

Bambancin yana wurare biyu. Na farko shi ne abin da ke kewaye da ajin. Fannin kwamfuta da yatsu ake koyonsa, kuma awa nawa ɗalibi ya yi a gaban na'ura mai wuta shi ne ma'aunin gaskiya. A kwalejojin jihohi da yawa, wannan lissafi yana rataye ne a wuyan janareta da kuɗin mai. Haka nan sanin makamar aiki an tsara shi ne da tunanin garin da ke da masana'antu. Ɗalibin Kaduna ko Kano yana iya samun banki ko kamfanin sadarwa. Na Mafara sau da yawa sai ya zaɓa tsakanin shagon buga takardu na kusa da gida, inda ba zai koyi sabon abu mai yawa ba, da tafiya birni inda ba shi da masauki.

Na biyu shi ne abin da ke saman tsanin. Mai ND da ya ci da kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye, amma yawanci a aji biyu, wato shekara biyunsa ta koma ɗaya. Idan ya zaɓi HND, zai yi shekara biyar gaba ɗaya, fiye da mai digirin kwamfuta da ya yi huɗu, zai kuma tafi bautar ƙasa tare da shi. Sai dai a bakin ƙofar aikin gwamnati suke rabuwa. Shekaru da dama, a fannoni da yawa, mai HND yana farawa a matakin albashi na 7, mai digiri a na 8. Mafi ciwo shi ne rufin da ke sama: mai HND yakan tsaya a mataki na 14, mai digiri kuwa yana iya kaiwa na 17, ya zama darakta. Idan mai HND ya so digiri na biyu, yawancin jami'o'i sai sun sa shi ya fara yin wata difloma ta share fage. Mataimakin injiniyan Yaba na 1934 zai gane wannan hoto da kallo ɗaya.

An sha yin alkawarin cire rufin. Gwamnatin Obasanjo ta yi shelar haka a 2006. A 2021 majalisun tarayya biyu suka zartar da ƙudurin haramta nuna bambanci tsakanin HND da digiri, amma Shugaba Buhari ya sauka a watan Mayun 2023 bai sa masa hannu ba. Gana, wadda ta gaji tsari iri ɗaya daga Ingila, ta bi sawun Birtaniya a 2016, ta fara mayar da kwalejojin fasaharta jami'o'in fasaha. Nijeriya kuwa ta fi son ɗaukar foliteknik ɗaya-ɗaya tana mayar da ita jami'a, abin da ke ƙara tabbatar wa sauran cewa daraja tana can ne, ba inda suke ba.

Shekarar da aka kashe layi

Ko rufin bai isa ya bayyana halin da ɗalibin wannan yanki yake ciki ba, sai an haɗa da 2021. A ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga sakandaren Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta suka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba suka ɗauke ɗalibai 73 daga sakandaren Kaya ta Maradun. Ƙananan hukumomi uku, makarantu uku, cikin wata bakwai. Kuma waɗannan ƙananan hukumomi uku su ne suka ba jihar gwamnoni uku: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, da Bello Matawalle daga Maradun, wanda ke kan kujera a lokacin.

Bayan harin Kaya aka rufe makarantun firamare da sakandare, a wannan tsakanin kuma aka dakatar da kasuwannin mako. A farkon Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara, domin a katse sadarwar 'yan bindiga. Mako biyu aka ce. A ƙananan hukumomi da yawa abin ya kai kusan wata uku. Mutane sun riƙa hawa mota zuwa Funtuwa ta jihar Katsina domin kiran waya ko tura kuɗi.

Ko me za a ce game da amfanin matakin ta fuskar tsaro, ya nuna irin ƙasar da sana'ar kwamfuta ke tsaye a kanta. Mai shagon cire kuɗi da na'urar POS, mai yi wa mutane rajista a intanet, ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja daga bidiyo a wayarsa, dukkansu sun wayi gari jarinsu ya zama ƙarfe da roba. Manomi ya ci gaba da noma inda tsoro ya bar shi, maƙeri ya ci gaba da ƙira. Mai diflomar kwamfuta ne kaɗai aka iya ɗauke wa sana'a da takarda ɗaya daga Abuja. Rufe sakandare kuma asara ce da sai bayan shekaru za ta iso ƙofar kwaleji, domin yarinyar da iyayenta suka cire ta daga makarantar kwana a 2021 ita ce ba ta zo neman gurbin ND ba daga baya.

Sabon suna, tsohuwar tambaya

A farkon 2024 hukumar NBTE, ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa na'urori da ajiyar bayanai a intanet, gina manhaja da shafukan intanet, da tsaron intanet da kare bayanai. Dalilin a fili yake. Fannin ya yi faɗin da kwas ɗaya ba zai ɗauke shi ba, masu ɗaukar aiki kuma suna tambayar abin da mutum ya iya ne takamaimai. ND ta zama ginshiƙin da waɗannan rassa huɗu ke tsaye a kansa, abin da ya ƙara wa shekara biyun farko nauyi.

A nan ne fannin kwamfuta ya sha bamban da sauran fannonin foliteknik. Rufin mataki na 14 na gwamnati ne. Kamfanin da ke neman wanda zai gina masa manhaja, ko ɗan kasuwar Kano da ke son a tsara masa lissafin kaya, ba safai yake tambayar ko takarda daga jami'a ta fito ba. Aikin da aka taɓa yi yake son gani. A karon farko tun Yaba, akwai wata hanyar hawa soro da ba ta bi ta ofishin shugaban ma'aikata ba. Amma wannan hanya ma tana da kuɗin shiga: kwamfutar tafi-da-gidanka, wutar da za ta caja ta, layin da ba ya yankewa, da Turancin da zai iya karanta bayanan fasaha. Ɗan Legas yana samun rabin waɗannan a gida. Ɗan Dakko, in ya same su, a kwaleji zai same su. Saboda haka ɗakin kwamfuta na foliteknik ta jiha ya fi muhimmanci a Zamfara fiye da irinsa a duk wani babban birni.

A watan Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. Tarihin da ya gabata ya ba da ma'aunin da za a auna irin wannan shela a ɓangaren ilimin fasaha, kuma ma'auni ne da ake iya ƙirgawa. Awa nawa a mako ɗalibin ND ke yi a gaban kwamfuta mai wuta? Ɗalibai nawa ne ma'aikatun Gusau da asibitocin jiha ke karɓa domin sanin makamar aiki, su ba su aiki na gaske maimakon aiken sayo kati? Akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin kwalejin Abdu Gusau da jami'ar jiha, waɗanda ke gari ɗaya, wadda za ta lissafa wa mai ND darussan da ya riga ya ci? Wannan ta ƙarshe ba ta bukatar sabon gini. Abin da Kalifoniya ta rubuta ne a 1960, kuma gwamnati ɗaya ce ke biyan albashin makarantun biyu.

Dokar cire rufi tana hannun Abuja, kuma ta nuna ba ta gaggawa. Sauran kuwa a Gusau da Mafara suke. Bakolori tana nan kusa, ga duk mai son ganin abin da ke faruwa da na'ura mai tsada idan aka raina mai kula da ita.